Maijidda da Hoton Kan Dogara

A Coal Camp ta Inugu aka haifi Maijidda, a wani gidan haya mai ɗaki takwas inda ƙurar kwal take shiga har cikin tukunyar miya. Mahaifinta mutumin Bichi ne, fataucin albasa ya kawo shi kudu tun yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Cikin 'ya'yan masu haƙar kwal ta tashi, da su ta yi wasan ƙasa, don haka Ibo ya zauna a bakinta daram. Idan tana magana a bayan ƙyaure, ba mai cewa Bahaushiya ce.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Dogara, wani mahauci ɗan Gumel, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda zai wuni bai yi magana goma ba. Sun haifi biyu, Haulatu da Lawal, kafin tashin hankalin 1966 ya kore su. A tsaye suka je Kano cikin jirgin ƙasa, da kayan jikinsu kawai. Shekara biyar suka yi a Fagge, a ɗaki guda a gidan Awwalu, yayan Dogara. Zaman bai yi daɗi ba. Mahauta sun yi wa Kano yawa, matan gidan kuma dariyar Hausar Maijidda suke yi, wai tana jan harshe irin na 'yan kudu. Da yaƙin basasa ya ƙare aka fara jin wane ya koma Anacha, wane ya koma Fatakwal, ita ta fara magana.

Ta ce, "Malam, mu koma gida."

Dogara ya dube ta ya ce, "Wane gidan?"

"Inugu mana."

Sun dawo a 1971. Gidan Coal Camp ba rufi, ciyawa ta fito a ɗakin da aka haife ta, sai suka kama haya a unguwar Obiagu. Ba a jima ba kuɗin mai ya fara shigowa gari. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, wanda a da sai Lahadi yake ganin nama ya koma ci kullum. Dogara yakan fita mayanka da asuba, ba ya ajiye wuƙa sai la'asar. Ita kuma ta kafa tandar waina a Kasuwar Artisan, kusa da rumfar mahauta, tana haɗawa da romon kai da ƙafa. Ana samu, ba laifi. Hutu ne dai babu.

A daminar 1976 aka kawo wani bijimi daga Adamawa. Ana ƙoƙarin kayar da shi ya fizge igiya, ya yi wurgi da Dogara, kansa ya bugi ginshiƙin siminti. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, aka yi dariya, ya ci gaba da aiki. Ko ɗigon jini bai fita ba. Da yamma ya ba Maijidda labari a taƙaice, ta shafa masa man zafi a wurin, maganar ta wuce.

Bayan kamar wata guda ciwon kai ya fara. Yakan sha ƙwaya biyu da safe, biyu da rana. Daga nan wuƙa ta fara suɓuce masa daga hannun dama. Mutumin da yake yanka tsoka daidai ba tare da ya duba sikeli ba, sai ga shi tsaye da nama a hannu ya rasa abin da zai yi da shi. Ya fara jan ƙafar dama. Wata rana ya kira Maijidda da sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun kafin aurensu. Barci kuma ya yi masa yawa, ko ina aka ajiye shi sai ya ɓingire.

Abin da ya fi tsorata ta numfashinsa ne. Bayan azahar yakan kwanta a tabarma a bayan tandarta, tana juya waina tana sauraro. Numfashin zai fara a hankali, ya yi ta hawa har ƙirjinsa ya riƙa ɗagawa kamar wanda ya yi gudu, sannan ya sauka, ya ɗauke ɗif. Ta ɗauko carbinta ta fara ja. Wani lokaci sai ta ja ƙwaya ashirin kafin ya sake shaƙar iska.

An yi abin da aka saba. Sarkin Pawa ya aiko da rubutu, an yi hayaƙi, wani ya kawo saiwa daga garin Lafiya. Ba abin da ta ƙi ba shi. Aka aika wa Awwalu, ya iso a jirgin Laraba da jakarsa da bakinsa.

Ya ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ki haɗa masa kaya, gida zan kai shi."

Ta ce, "Yaya, kwana biyu a jirgi, a wannan halin?"

"To a bar shi a nan ya mutu a bayan tanda?"

Cikin masu sayen wainar Maijidda akwai wata nas, Sista Obiageli, wadda take aiki a babban asibitin gari. Ran nan ta zo, ta ga Dogara a kwance, ta durƙusa ta ɗaga fatar idonsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallo. Da ta miƙe ba ta karɓi wainar ba. Da Ibo ta ce wa Maijidda, "Gobe da sassafe ki kawo shi. Kada ki bari sai jibi."

Awwalu ya bi su yana mita. Sun yi layin kati, sun yi layin ganin likita, aka tura su ɗakin hoto aka ɗauki hoton ƙashin kan. Da ya fito, ba tsaga ba karaya.

Awwalu ya ce, "Kin gani ko? Su ma ba su ga komai ba. Mu tafi."

Amma aka shigar da su wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Ugwuoke, gajere mai furfura a gefen kunne, wanda idonsa ya nuna shi ma ya kwana biyu bai huta ba. Ya sa Dogara ya matse masa yatsu da hannu biyu, ya karce masa tafin ƙafa da makulli. Ya tambaya da Turancin kasuwa ko ya taɓa buguwa a ka. Awwalu ya ce a'a. Nan take bijimin ya faɗo wa Maijidda a rai. Ta buɗe baki da Ibo ta ba da labarin ginshiƙin, ta ƙara da na numfashin. Likitan ya ajiye alƙalami.

Ya ce, "Idan ya ɗauke, yana daɗewa?"

Ta zaro carbi daga bakin zane, ta ja masa ƙwaya ashirin yadda take ja a kasuwa. Ya duba agogonsa har ta gama, ya rubuta.

Sai ya yi mata bayani a hankali. Hoton da aka ɗauka ƙashi kawai yake nunawa, abin da ke cikin ƙashin ba ya fitowa. Idan ana son a ga ciki, sai an soka allura a jijiyar wuya, a tura wani ruwa da zai bi jini ya hau kai, a ɗauki hotuna da sauri kafin ya wuce. Ta haka za a ga hanyar da jinin yake bi, da inda aka tare shi. Ya ce aikin yana da haɗari, ba zai ɓoye mata ba. Idan kuma hoton ya nuna abin da yake zato, sai an huda kan. Ana bukatar wani ya sa hannu.

Ta juya maganar zuwa Hausa, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Awwalu ya miƙe tsaye.

"A soka masa allura a wuya kamar rago? A huda masa kai? Ban yarda ba. Ni ne babba."

"Yaya, kai ne babba, ba wanda ya musa. Amma ni nake jin numfashin nan kullum."

"Idan ya mutu a hannunsu, ke za ki gaya wa 'ya'yansa."

Ta dubi Dogara. Yana zaune a keken marasa lafiya, kansa a langaɓe, yawu yana zuba a gefen bakinsa. Ta miƙa babban yatsanta aka shafa masa tawada, ta dangwala a takardar. Awwalu ya fita, ya je ya zauna ƙarƙashin wani mangwaro a harabar asibitin.

Sai kuma aka ce babu fim ɗin da za a ɗauki hoton. An ce yana cikin jirgin ruwa a Legas, jiragen siminti sun cika tashar ba hanyar shigowa. Kwana uku tana zaune a benci a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi, tandarta a rufe, ƙullun da ta jiƙa ya yi tsami aka zubar. A rana ta huɗu Sista Obiageli ta zo da sauri ta ce an aro kwali ɗaya daga wani asibitin mishan.

An bar Maijidda ta shiga ɗakin hoton, don Dogara ya daina fahimtar kowane harshe sai Hausa, Hausar ma sai daga bakinta. Aka rataya mata wata riga mai nauyin buhun gishiri. Aka kwantar da shi, aka ɗaure kansa da maɗauri, injin yana rataye a kansa. Da likitan ya soka allurar ta kawar da kai. Ita da ta wanke kawunan shanu ba adadi, ranar ta kasa kallo.

Likitan ya ce, "Gaya masa zai ji zafi a fuska. Kada ya motsa, kada ya haɗiyi yawu."

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Malam, ni ce. Za ka ji kamar wuta a fuskarka, yanzu za ta wuce. Ka tsaya cak. Kada ka motsa, don Allah."

Aka tura ruwan. Injin ya yi ƙara, wani ma'aikaci yana zare faranti yana tura wani da sauri, sau uku. Dogara ya yi nishi, hawaye ya gangaro masa, amma bai motsa ba.

Da aka wanke hotunan, Dakta Ugwuoke ya kira ta, ya manna ɗaya a jikin wani akwati mai fitila. Ta ga ƙoƙon kai, a cikinsa kuma fararen zare sun bazu kamar saiwar da aka tumɓuko. Ta san ƙwaƙwalwa, ta sha ciro ta daga kan saniya, ta san siraran jijiyoyin da ke lulluɓe da ita. Ba ta taɓa tunanin za ta ga ta mijinta yana da rai ba.

Likitan ya ɗora alƙalami a gefen hagu. Ya ce a kan mai lafiya, zaren nan suna kaiwa har jikin ƙashi. A nan kuwa sun tsaya nesa, an bar fili baƙi mai kaurin yatsa biyu. Tsohon jini ne ya taru a wurin tun ranar bijimin, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, yana tura ƙwaƙwalwar gefe, har matsin ya fara kaiwa can ƙasa inda ake sarrafa numfashi.

Ta ce, "Amma hannun dama ne ya mutu. Ya kake nuna min hagu?"

Ya yi ɗan murmushi, karo na farko. Ya ce haka aka halicci mutum, hagun kai ke riƙe da daman jiki.

Washegari aka yi aikin. Huda biyu aka yi masa. Sista Obiageli ta ce jinin da ya fito baƙi ne kamar tsohon man inji. A rana ta uku Dogara ya buɗe ido, ya dubi rufin ɗakin, ya dubi matarsa, ya ce, "Wa ke kan teburina?" Maijidda ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun farkon damina. Awwalu ya shigo, ya riƙe hannun ƙanensa ya daɗe bai saki ba. Bai ce mata komai ba sai ranar da ta raka shi tasha. Yana hawa jirgi ya juyo ya ce, "Allah ya biya ki." Iyakar abin da ta samu ke nan daga wurinsa, ba ta kuma nemi ƙari ba.

Dogara ya tashi, amma ba Dogaran da ba. Numfashin ya daidaita, ƙafar ta saki, hannun dama ne bai dawo da ƙarfinsa ba. Ya gwada komawa rumfa sau biyu, a na biyun ya yanke yatsansa, Sarkin Pawa ya lallashe shi ya haƙura. Ya koma zama a benci kusa da tandar matarsa, yana fifita wuta, yana kallon waɗanda ya koya wa fawa suna sayen babur. Mutumin da ba ya magana sai ya zama mai faɗa. Miya ta yi gishiri, faɗa. Ta daɗe a rijiya, faɗa. Bayan ya huce yakan ce, "Ki yi haƙuri, ba ni ba ne, kan ne." Takan ce ta sani.

Duk wata sai ta kai shi asibiti. Dakta Ugwuoke yana tara bayanin masu irin wannan ciwon, yana son ya gane yadda matsi a ka yake canza numfashi. Sai a ɗaura wa Dogara ɗamara a ƙirji, wani alƙalami ya riƙa zana hawa da saukar numfashinsa a doguwar takarda. A manna masa wayoyi a ka. A ɗauko tsohon hotonsa a manna a akwatin fitila, ɗalibai su kewaye suna rubutu.

Wata rana a hanyar dawowa Dogara ya ce, "Na zama saniyar kallo."

Ta ce, "Wani zai amfana, Malam."

"Wani. Ni fa?"

Ta tsayar musu da tasi.

Labari kuma ya bazu cikin Hausawan kudu cewa akwai wata mai waina a Obiagu da ta san ƙofofin asibiti, tana jin maganar likitoci, an huda kan mijinta ya tashi. Aka fara sallama a ƙofarta. Dillalin shanu daga Anacha da ɓarin jikinsa ya shanye, matar wani direban tanka daga Fatakwal mai farfaɗiya, tsohon da ya wayi gari bakinsa a karkace. Su sauka a ɗakinta, ta shimfiɗa musu tabarma, da safe ta rufe tanda ta sa su a gaba. Ta san layin da za a fara bi, ta san ranar da injin hoto yake aiki da ranar da ba wuta. Rigar nan mai nauyi ta saba da kafaɗarta. Ba albashi, ba wanda ya naɗa ta. Wasu sukan kawo mata turmin atamfa, wasu ko sallama ba sa yi idan za su tafi. Masu sayen waina da yawa suka koma wurin wata, don ba su san ranar da za su same ta ba.

Wadda ta fi tsaya mata a rai Hajiya Tabawa ce, wata 'yar kasuwar goro daga Anacha, mace mai fara'a da haƙorin Makka, wadda idonta ɗaya ya daina gani, kanta kuma yana sarawa kullum da safe. An yi mata hoton. Maijidda ta riga ta saba da kallon zaren nan, tun kafin likita ya buɗe baki ta ga na Hajiya sun dunƙule wuri guda a can tsakiya, sun yi curi. Dakta Ugwuoke ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce tsiro ne, ya yi zurfi, wuƙa ba za ta kai wurin ba, ba a nan ba, ba a Ibadan ba. Ya ce watanni ne suka rage.

Hajiya Tabawa tana zaune tana kallon bakinsu. Ta ce, "Me ya ce, ƙanwata? Za a huda ne irin na maigidanki?"

Maijidda ta nemi Hausar da za ta ɗauki maganar ta rasa. Ibon da likita ya yi gajere ne, ba kwana-kwana. Ta gyara zama, ta kama hannun matar.

"Hajiya, ya ce naki ba na hudawa ba ne. Za su ba ki maganin da zai rage ciwon. Ya ce ki koma gida cikin 'ya'yanki."

Matar ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Na gane. Zan kai azumi?"

Maijidda ta tambayi likitan. Ya ɗaga kafaɗa kaɗan, ya ce wataƙila.

"Ya ce da yardar Allah."

Hajiya Tabawa ta gyara mayafi ta ce, "To alhamdu lillahi. Tashi mu je, kin bar sana'arki tun safe." Ita ta riƙa ba Maijidda haƙuri har tashar mota. Ta kai azumin, ba ta kai sallar layya ba.

Shekara bakwai Dogara ya yi bayan aikin. Ya ga auren Haulatu da wani mai sayar da taya a Fatakwal, ya ga Lawal ya kama tebur a rumfar mahauta. A 1983, lokacin kuɗin man ya ja baya, kasuwa ta yi sanyi, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar ya rasu. Ba kan ne ya kashe shi ba. A Inugu aka binne shi. Awwalu ya aiko cewa ɗaki yana nan a Fagge idan tana so. Ta aika da godiya.

Sati guda da fitarta takaba, da hantsi, tana zaune a ƙofar ɗaki ƙafafunta a kumbure, wata mota ta tsaya. Wani mutum ya fito ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya. Ya ce sunansa Bubayero, daga Fatakwal suke, ga mahaifinsa a mota, hannunsa da harshensa sun yi nauyi wata biyu ke nan. An ce idan suka zo wurinta za ta kai su.

Ta leƙa motar. Tsohon yana zaune da kansa, ya ɗaga mata hannun hagu. Ta tambaya ko yana cin abinci, ko yana gane mutane, ko barci yana yawan ɗaukarsa da rana. Ta tsaya ta saurari numfashinsa, ta ji yana tafiya daidai.

Ta ce, "Ku shigo da shi, ga tabarma can. Akwai ruwa a randa."

Bubayero ya ce, "Inna, da mun wuce asibitin yanzu, ko za a samu ganin likita yau."

Ta dubi titi, ta dubi ƙafafunta. Ta ce, "Yau Talata, likitan kai ba ya zama sai Laraba. Ko da yana zama ma, ɗana, yau kam ba zan iya ba. Gobe in Allah ya kai mu."

Mutumin ya je ya kamo mahaifinsa. Maijidda ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ɗora ƙafafunta a kai, ta jingina da bango. Rana ta fara zafi, maƙwabciyarta tana daka akpu, tuwon rogon Ibo, a tsakar gida. Ta rufe ido.